Rawar Hannuna Ta Kai Ni Kwatano

Kwale-kwalen bai gama taɓa gaɓar Malanbil ba na san wagga tafiya ba ta alheri ba ce. Ina dirowa ƙafata ta dama ta nutse cikin laka, na zaro ta ba takalmi. Na laluba, na laluba, gulbi ya ce ya ci. Haka na shiga ƙasar Benin, ƙafa guda da takalmi guda babu, ni Mushe Sahabi na Tamaske (Mushe shi ne yadda ake kiran malamin boko a wurinmu), wanda aji guda ke miƙewa tsaye in ya shigo.

Bari in faɗa muku abin da ya fid da ni gida, kada ku sa ni cikin 'yan biɗa. Mutanen garinmu kowa ya san su da tafiya, yaro na fara gemu sai Abijan, sai Kamaru, sai Libiya. Ni ban taɓa wuce Yamai ba. Ni malamin desan ne, zanen magina da masu ƙera inji, a wata makarantar koyon sana'a a Madawa inda samari da 'yan mata ke zuwa bayan sun gama lise, wato sakandare. Aikina in koya musu yadda ake ɗaukar abu mai kauri, ko tukunya ce ko ƙarfen mota, a kwantar da shi bisa takarda: ga shi ta gaba, ga shi ta bisa, ga shi ta gefe, har maƙerin da bai taɓa ganinsa ba ya ƙera shi daidai. Na fi shekara ashirin ina yi. Nakan zana da'ira a tablo, allon aji, da alli ba kompa, ɗalibai su taso su auna su rasa inda ta karkace. Ba yabon kai ba ne, ku je ku tambaya.

To sai hannuna na dama ya fara rawa. Da farko sai in zan sa tawada nake ganin abin. Na ce shayi ne, na bar shayi. Ba'adare, mutumin ƙasarmu Adar, ya bar shayi, kun san abin ya kai inda ya kai. Bai daina ba. Ko da regil, wato rula, na ja layi sai ya fito kamar sawun tsutsa. Na koma kiran ɗalibi ya zana a tablo, ina cewa don ya koya ne, ni kuwa hannuna na cikin aljihu riƙe da tasbaha. Ba wanda ya sani sai matata Balki, ita ma don ita ke wanke rigunan da miya ta ɓata.

Ana nan sai diraktar ya tara mu ya ce wani poroje, shirin taimako, zai kawo ordinater, wato kwamfuta. Daga rantire mai zuwa, wato komawa makaranta bayan dogon hutu, zane da na'ura za a koyar, abin da suke kira De-A-O, kuma wanda ke da takardar shaidar ya koyo shi, shi ke da ajin. Sauran malamai sunka ɓata rai, ni kuwa wallahi kamar an yi mini bushara. Na ce a raina, na'ura ba ta rawa. In na iya ta, ajina na hannuna har tsufa, ba wanda zai san komai. Ana koyarwa a Yamai, amma rabin masu koyarwar ko abokan karatuna ne ko ɗalibaina. In na zauna gabansu, labarin hannuna zai riga ni isa Madawa. Sai na samu wata santar, wurin koyar da na'ura, a Kwatano ta cikin waya, da hotunan ɗaki cike da na'urori da alkawarin takarda mai tambari. Na sayar da ragunan da Balki ke kiwo, ana ba da hutu na kama hanya.

Ba mu yi nisa da Malanbil ba motarmu ta iske shinge. Wani mai kaki ya leƙo ya ce kowa ya miƙo kart dantite, katin shaida. A matse nake, hannun hagu na ƙarƙashin jakar wata mata, dole na miƙa da dama. Katin na kaɗawa tsakanin yatsuna kamar ganye. Ya dubi katin, ya dube ni.

"Me kake tsoro?" ya ce da Faransanci.

"Ba na tsoron komai."

"To me ya sa kake kyarma? Sauko."

Sunka zazzage ƙaramar jakata sunka iske akwatin kayan zanena, kompa da alƙaluman tawada, wanda na saya tun ina ɗalibi. Wai makamai ne, tunda suna da tsini. Na yi musu bayani da Faransancin da ya fi nasu kyau, abin da ya ƙara ɓata lamarin ke nan. Sunka zaunar da ni gindin icce. Direba ya jira ya gaji, ya ja motarsa da babbar jakata a bisa, tufafina da cukun da Balki ta ɗaure mini duka. Sai bayan la'asar sunka sake ni, ba akwati. Wanda ya riƙe shi ya ce ɗansa na lakwal, wato makaranta, zai yi masa amfani. Allah ya sa ya amfane shi, amma ni ban yafe ba.

Ina tsaye bakin hanya ina zaginsu da Hausa, su da kakanninsu, sai na ji murya daga ƙarƙashin wata kamyo, babbar motar kaya, da ke fake.

"Kai, wanga zagi na gida na. Mutumin ina na?"

"Tamaske," na ce.

Mai muryar ya fito da baƙin mai har gwiwar hannu. Ya dubi ƙafafuna ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "Ba-Tamaske da takalmi guda. Ku da kunka sai da ma duniya takalmi. Lalle tashin kiyama ya matso."

Illa sunansa, mutumin Deule, direban kamyon albasa. Ya ba ni silifas ɗin da yake alwala da su, ya ce in hau, Kwatano za shi. Da ya ga hannuna ya ɗauka masassara ce, ya ɓallo mini ƙwaya, na haɗiye don a zauna lafiya. Gaban motar cike yake, sai bisa buhuna na samu wuri, ƙarƙashin tanti. Tun Kandi ruwa ya tsuge, har munka wuce Paraku bai ɗauke ba. Albasa ta jiƙe ta fara ruɓa, warin ya shiga fatata. Har yau in Balki na yankan albasa tashi nake in bar mata gidan.

A bisa buhunan nan kewar gida ta fara cina. Ko'ina kore, itace ya rufe sama, ba ka ganin gabanka ba ka ganin bayanka. Ni da na saba in hau dutsi bayan garinmu in hango fadama da gonakin dawa har inda ido ya gaji. Jajayen duwatsun Adar da muke tsine wa don suna cinye takalmi da hauya, su nake so in gani. Na yi ta tunanin ajina, ƙamshin alli da fensirin da anka feƙe, da yadda ɗaki ke yin tsit in na ɗaga hannu zan ja layin farko.

Da munka isa Kwatano, Illa ya kai ni gidan Alhaji Nomau, mutumin Ibohaman, dillalin albasa wanda ya tsufa a can. Duk Ba'adaren da ya sauka garin, gidansa yake fara aje jaka. Ba a tambayarka haya, ba a tambayarka ranar tafiya. Doka guda ce a gidan, akushi guda. In an sauke abinci sai a fito da babban tire, kowa ya wanke hannu a kewaye shi, daga Alhaji har mai turin kura. Wanda ya ware da kwanonsa ya faɗi ɗayan biyu ke nan, ko ya fi ƙarfin mutane ko bai yarda da su ba. Na san wannan, ai gidanmu ma haka ne.

Ranar farko na zauna cikinsu. Na yanko loma, kafin ta kai bakina rabin shinkafar na bisa gwiwar na kusa da ni. Na sake, haka. Samarin sunka fara satar kallona. Na tsame hannu na ce cikina ke ciwo, hanya ce. Daga ranar ban ƙara zama ba. Sai in sayi abinci a waje, in zagaya bayan wani kango in ci da cokali da hannun hagu, fuskata ga bango kamar ɓarawo. Ku ce girman kai ne in kuna so. Gidan nan kullum da mai waya Adar, kullum da kamyon da ke komawa Madawa. In sunka gane ciwona, diraktar ya gane.

Santar kuwa, Allah ya isa. Ɗaki ne guda a saman bene, na'ura huɗu, biyu ke tashi. Mai wurin wani saurayi ne mai takalmi mai ƙyalli da baki kamar zuma, yana kirana "dwayen", wato babba. Ya karɓi kuɗin karatun duka tun ranar farko. Na ce ina ɗakin da na gani a hoto? Ya ce sauran na'urorin na bakin teku, kwastan ta riƙe, sati mai zuwa za su fito. Koyarwarsa ita ce ya kunna mana bidiyo ya fita amsa waya. Mu bakwai ne ko takwas, muna karɓa-karɓa.

Amma abin da ya kashe mini jiki ba shi ba ne. Ranar da layi ya zo kaina na zauna na kama ɗan abin nan da ake turawa bisa tebur, suri, wato ɓera. Ashe na'ura ba ta rawa, amma tana bin hannun mai ita. Kibiyar da ke cikin gilashi ta kama tsalle, in nufi nan ta faɗa can. Na danne da hannu biyu, na kasa haɗa ɗigo biyu da layi. Wata yarinya da ke jirana ta ce, "Papa, in kun gaji ku ba ni." Na tashi na ba ta. Na baro gida, na sayar da ragunan mutane, na zo ƙasar da ban san kowa ba, ashe abin da na gudo yana aljihuna.

Duk da haka na ci gaba da zuwa, don takardar. Wata Litinin na hau benen na iske kwaɗo a ƙofa, an cire allon suna. Mai suyar kifi a ƙasa ta ce ai tun Asabar ya kwashe kayansa. Lambarsa ba ta shiga. Sauran ɗaliban sunka yi ta hayaniya, wasu na cewa a je komisariya, ofishin 'yan sanda. Ni na zauna bisa matakala kawai. Baƙo da silifas ɗin aro, wa zai kai ƙara?

Ban faɗa wa kowa a gidan Alhaji ba. Kullum da safe in fita kamar mai zuwa karatu, in yi ta yawo. Kusa da santar akwai wani shago da ake buga manyan takardun fasalin gini. Nan nake tsayawa bakin ƙofa ina kallon zane na fitowa daga inji, kamar mayunwaci gaban mai tsire. Rannan anka fito da zanen wani bene, idona ya faɗa kan matakalarsa, bakina ya riga ni.

"Wannan matakalar ba ta isa sama ba. Ta gefe ta fi ta bisa da taki guda."

Mai shagon ta ɗago. Wata ƙatuwar mata ce mai tabarau, da sarƙar giciye a wuya, Madam Selestin. Ta ƙirga da bakin biro, ta ƙirga kuma, sai ta yi dariya ta ce mai zanen zai sha kunya yau. Ta tambaye ni ko ni wane ne. Ban san abin da ya same ni ba, na kwashe labarin santar duka na faɗa mata. Ta yi tsaki ta ce ba ni ne na farko ba. Ta ce da tsakar rana takan rufe shago ta huta, in ina so in zauna gaban na'urarta har ta buɗe.

Washegari na zauna, na kama ɓeran, kibiya ta kama haukanta. Madam na bayana tana cin abinci, na san tana gani. Ta taso ta zare wayar ɓeran, ta jefa shi cikin durowa ta rufe.

"Papa, ba ka ce kai malamin jometiri ba ne? Kowane ɗigo yana da adireshinsa. Buga masa adireshi, zai zo."

Ta nuna mini. Ashe ana iya yi wa na'urar magana da lambobi kawai: ɗigon nan nisansa kaza daga gefe, zurfinsa kaza, tsawonsa sama kaza. Jama'a, wannan fa shi ne abin da nake koyarwa tun kafin a haifi mai santar. Na sa yatsa guda na hagu na buga lambobin ɗigo na farko, na buga na biyu. Layi ya fito, miƙaƙƙe sambal. Na buga tsakiya da faɗi, da'ira ta fito. Rabona da ganin layin kirki ya fito daga gare ni har na manta. Kafin sati ya zagayo na zana mahaɗar bututu biyu, aikin da ke sa ɗalibaina gumi, da lanƙwasar da ke fitowa inda sunka haɗu. Da ta fito na kifa kai bisa tebur na yi kuka, ni da furfurata. Madam ta shiga neman wani abu cikin kabad, ta daɗe ba ta same shi ba.

Matar nan ta koya mini duk abin da ta sani, ba ta karɓi ko ruwan sha daga gare ni ba. Wani lokaci ma ta turo mini rabin abincinta ta juya baya. Da na yi mata maganar takarda ta girgiza kai.

"Ni shago gare ni, ba lakwal ba. In na buga maka tambarina, diraktanka dariya zai yi."

Akwai masu sayar da takardar ƙarya a garin, an nuna mini layinsu. Kada ku ce tsoron Allah ya hana ni, ban kai nan ba. Aljihu ne ya hana ni.

Ina cikin wannan sai Balki ta kira ni wata ranar Juma'a. Ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba.

"Mushe, ka ji abin da ake hwaɗi?"

"Mi ake hwaɗi?"

"An ce ka kama shan giya. An ce ba ka ci da mutane, kana laɓewa bayan kango, in gari ya waye hannunka na rawa sai ka sha. Wurin suna na ji shi a Tamaske, gaban innarka. Ya kai Madawa." Muryarta ta karye. "Ka sa ni rantsuwa ba ni hwaɗi ma kowa. Ka sake ni in hwaɗi gaskiya."

Na ce mata a'a. Ta ce don Allah. Na ce a'a, na kashe wayar. Kun san lissafin da na yi? Mashayi na tuba a maida shi aji. Mai rawar hannu fa, tuban me zai yi? Ashe kangon da nake cin abinci yana jingine da rumfar mai sodabi, giyarsu ta can. Ni ban ma lura ba, su kuwa samarin gidan sun lura.

Ranar nan bayan la'asar Alhaji Nomau ya sa anka kira ni. Yana zaune bisa tabarma a tsakar gida, mazan gidan kewaye da shi, ana dafa shayi.

"Mushe," ya ce, "na girme ka, kuma ubanka na san shi. Gidana ba a shigo da ƙazanta. Mun ba ka wuri, ka ƙi akushinmu. Mun yi kawaici. Yanzu ga abin da yara ke gani. Ka nemi wani masauki."

Raina ya tashi. Na ce da mai shayi ya cika mini finjali. Na zaro hannun dama daga aljihu, na karɓa, na miƙe shi gaban Alhaji. Finjalin ya kama kaɗawa, shayi na zuba bisa yatsuna yana ƙona ni, ban saki ba har ya kusa ƙarewa.

"Ga giyata, Alhaji. Shekara biyu ke nan ina shanta. Ka sunsuni bakina in kana so."

Tsohon ya daɗe yana kallon hannun. "Subhanallahi. Don mi ba ka hwaɗi ba?"

"In hwaɗa maka, jihar Tawa duka ta ji?"

Alhaji ya san gaskiya ce. Da anka kawo tire ya jawo ni kusa da shi. Na yanko loma, sai na ji ya sa tafinsa ƙarƙashin wuyan hannuna ya tallafe har ta kai bakina. Haka ya yi ta yi har na ƙoshi, yana hira da mutane kan farashin albasa kamar ba abin da yake yi. Ba wanda ya ɗaga ido. Ban taɓa cin abincin da ya yi mini daɗi da ɗaci lokaci guda kamar wannan ba.

Amma magana zarar bunu ce. Labarin giya ya riga ya tafi, yanzu na ciwo ya bi bayansa a kamyon farko. Na rufe ƙofa guda don kada a gane ni, ashe biyu na buɗe. Alhaji ya kai ni asibiti da kansa. Likita ya sa na miƙe hannuwa, na taɓa hanci, na yi tafiya. Ya ce ciwon jijiya ne, magani na rage shi amma ba ya komawa baya, kuma yakan ƙetara ɗaya ɓangaren. Ban faɗa masa ba, amma tun kwanaki ina jin ƙaramin yatsana na hagu na motsi shi kaɗai in ina buga lambobi.

Ban samu komawa ba sai da Illa ya sake saukowa da kaya, rantire ta wuce. Madam Selestin ta buga mini zanen bututuna a babbar takarda ta naɗe, ta ce in nuna musu. Na rasa kalmar da zan gode mata da ita, da Faransanci ko da Hausa.

Na iske Madawa an gama girbi. Na shiga ofishin diraktar da naɗin takardata.

"Mushe Sahabi, barka da hanya. Ina takardar shaida?"

"Babu. An cuce ni. Amma na iya aikin, ga shi."

Bai warware ba. Ya ce mutanen poroje tambari suke so, ba shi ba ne. Idonsa na kan aljihuna. Ya ce ya ji labari iri biyu a kaina, bai san wanda zai ɗauka ba, kuma ko wanne ya ɗauka bai ga yadda zai ba ni aji ba. An riga an ba Yahaya.

Yahaya ɗalibina ne na da, ɗan garin Buza, ni na koya masa feƙe fensir. Ya yi ɗan gajeren horo a Yamai ya dawo da takarda. Yaron kirki ne, ba ni da abin faɗi a kansa, yana jin na iso ya zo ya durƙusa ya gaishe ni. Na ce wa diraktar awa guda kawai nake roƙo, gaban ɗalibai, ya gani da idonsa. Ni da ban taɓa roƙon kowa ba a makarantar nan, har "don Allah" na ce. Ya yarda.

Tsohon ajina ne, an kwashe teburan zane, an jera na'urori sababbi, an sa inji mai sanyaya ɗaki. Akwai wata fitila da ke haska abin da malami ke yi bisa bango, kowa na gani. Diraktar ya zauna baya. Na ture ɓeran gefe, na jawo lambobi gabana. A shagon Madam daga ni sai fanka. A nan idanu ne ko'ina, kuma ciwon nan ba abin da ya tsana kamar a kalle shi. Hannuwan biyu sunka tashi tare. In danna sau ɗaya, lamba ta fito sau uku. Layin farko ya harba ya fice daga bango. Na goge, na sake, ya sake ficewa. Wata ɗaliba ta toshe baki. Ta cikin gilashin na'urar na hango wani a baya ya ɗaga babban yatsa zuwa bakinsa, kamar mai kafa kwalba. Gumi ya jiƙa mini riga cikin sanyin nan.

Yahaya ya sunkuyo kusa da kunnena. "Mushe, ku faɗa, ni in buga."

Na tashi na ba shi kujera. Na tsaya bayansa, na cusa hannuwana ƙarƙashin hammata, na fara faɗin lambobi da ka. Ɗigo bayan ɗigo, ban duba komai ba, yana bugawa. Bututu na farko ya fito ta gaba, ya fito ta bisa, ya fito ta gefe. Na biyu ya ratso shi. Na ba da adireshin kowane ɗigo na mahaɗarsu, lanƙwasar ta kwanta bisa bango tsaf, ban taɓa ganin ta yi kyau haka ba. Ɗalibai sunka yi tafi.

Diraktar ya taso yana murmushi, ya dafa kafaɗar Yahaya.

"Ka gani ko, Mushe? Yaron ya iya. Hankalinka ya kwanta, ajin na hannu nagari."

Yahaya ya ce, "Ai Mushe ne ya…" amma diraktar ya riga ya kai ƙofa, wayarsa na ƙara.

Ba su kore ni ba. An ce saboda shekaruna a gidan, an maida ni surbeyan, mai kula da shiga da fitar ɗalibai. Ƙararrawar makarantar wani tsohon ƙarfen tayar mota ne da ke rataye jikin icce a tsakar fili, ni ke buga shi. Kowace safiya sai su wuce ta gabana su shiga ajina, Yahaya ya gaishe ni da ladabi, ya ja ƙofa ya rufe don kada sanyi ya fita. Aikin ba wuya. In na ɗora guntun rodi bisa ƙarfen ba sai na yi komai ba, hannun da kansa yake bugawa.